Sojan da Aka Kama: Tarihin Fursunonin Yaƙi Daga Ƙauyukan Ƙasar Hausa

Wanda ya bi titunan Bompai, ko ya ratsa Sharaɗa ya miƙe zuwa Calawa, abin da zai gani shi ne dogayen katangu da manyan ƙofofin ƙarfe da tireloli, ga warin majema yana dukan hanci. Shekaru 70 da suka wuce yawancin wannan ƙasa gonaki ce. Sharaɗa ƙauye ne a bayan ganuwa, Fanshekara da Kumbotso da Tamburawa kuwa garuruwan manoman dawa da gero da gyaɗa ne a kusa da kogi. A Bompai aka fara kafa masana'antu cikin shekarun 1950, kusa da layin dogo, sannan Sharaɗa da Calawa suka biyo baya daga shekarun 1970.

Daga irin waɗannan ƙauyuka, a Kano da Katsina da Zazzau da Borno, da ƙetaren iyaka a Maraɗi da Damagaram, aka yi ta ɗibar samari zuwa yaƙe-yaƙen da ba su san mafarinsu ba. Waɗanda Allah ya dawo da su, da yawa ƙofar kamfani ce ta zama madogararsu: kaki mai guga, da bel, da sanda, da sunan da kowa ke kiransu da shi, Baba mai gadi. Daga bakinsu leburori suka ji labarin Bama da na Kwango da na Biyafara. Amma a cikin mazan jiyan nan akwai wanda labarinsa bai cika fitowa ba, wato sojan da abokan gaba suka kama da rai. Wanda ya ci yaƙi ana yi masa waƙa, wanda ya kwanta dama ana yi masa addu'a, wanda aka kama kuwa yakan dawo ya ja bakinsa, jama'a su taya shi yin shiru. Alhali tarihin soja a ƙasar Hausa cike yake da kamu tun daga tushensa.

Zamanin fansa

Kafin zuwan Turawa, kamu shi ne rabin yaƙi. Mayaƙan Ningi sun shekara da shekaru suna kai hari kudancin ƙasar Kano, wajen Rano da Tudun Wada da Birnin Kudu, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ƙarar da yawancin zamaninsa yana fama da su. Maraɗawa suna faɗowa daga arewa. A ƙarshen shekarun 1890 rundunar Damagaram ta shigo ƙasar Kano ta yi ɓarna a Gezawa. A basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 kuwa, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, 'yan gari ɗaya ne suka kama juna. Dakaren da ya faɗa hannu a wancan zamani hanya uku ce a gabansa: takobi, ko kasuwar bayi, ko fansa.

Fansa tana da tsarinta. Dangi su bi sawu ta bakin fatake har su gano garin da aka kai mutum, a nemi dillali ko malamin da kowane ɓangare ya yarda da shi, a yi ciniki, a koma gida a tara wuri. Kuɗin fansa yakan zarce farashin bawa a kasuwa, saboda haka mai gata ke fita da wuri, talaka sai dangi sun haɗa ƙarfi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe mata da yara daga gidansu, aka yi ta tara wuri zambar ɗari-ɗari kafin a karɓo su. Fikihun Malikiyya da malamai ke karantarwa a zaure ya ɗora wa jama'a nauyin fanso Musulmin da aka kama, daga baitulmali idan akwai, in babu daga aljihun masu hali. Wato kamamme yana da haƙƙi a wuyan garinsu.

Waɗanda ba a fanso ba, wasu tafiyarsu ta yi nisa. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi da suka fara a 1804, an yi ta gangara da kamammu daga kowane ɓangare ta ƙasar Nufe da ta Yarabawa zuwa bakin teku. A Bahiya ta ƙasar Barazil, Hausawa sun ƙulla tawaye a 1807, suka tayar da wasu a 1809 da 1814, kuma masana tarihi sun danganta ƙarfin halinsu da cewa da yawansu sun san yaƙi tun daga gida. Wasu kuma a Ikko suka tsaya. A 1863 wani hafsan jirgin ruwan Ingila, John Glover, ya tara Hausawa, da yawansu waɗanda suka tsere daga bauta, ya ɗora musu bindiga. Daga wannan ƙaramar ƙungiya rundunar sojan Najeriya take ƙirga asalinta har yau, kuma Hausa ce ta zama harshen bariki.

Magadan wannan ƙungiya ne, sama da mutum 700 ƙarƙashin Kanar Morland, suka biyo ta Bebeji suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Sarkin Kano Alu aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Kabarinsa yana nan ana ziyarta. Sunan sarki ya shiga littafi, na dakarun da suka bi shi bai shiga ba, kuma haka abin ya ci gaba da tafiya.

Garwa da Mora

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sami Bahaushe a kowane ɓangare, domin Jamusawa ma sun ɗebi Hausawa da Barebari da sauran kabilu cikin rundunoninsu na Kamaru da Togo. A ƙarshen Agusta 1914 sojojin Najeriya suka tashi daga Yola suka auka wa Jamusawa a Garwa, aka fatattake su, kwamandansu Laftanar Kanar Maclear ya mutu. Mako guda bayan haka, ranar 6 ga Satumba, Jamusawa suka murƙushe wata ƙungiyar a Nsanakang, wasu suka mutu, wasu suka shiga hannu. Sai ranar 10 ga Yuni 1915 Garwa ta miƙa wuya ga Ingila da Faransa, aka kama sojojin Afirka sama da 200.

Cikin waɗanda aka kama a Garwa akwai wani saurayi ɗan Borno, Chari Maigumeri, wanda ya shiga sojan Jamus a 1913 har suka ba shi lambar jarunta. A 1917 ya sa kakin waɗanda suka kama shi, ya tafi gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na da. Ya zama babban samanjan bataliya ta 3. A Yaƙin Duniya na Biyu ya sami lambar jarunta ta Ingila a yaƙin Habasha, ya je Bama ya ƙaro wata lambar, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Ga mutumin da ya fara da zama fursuna ya ƙare ana sara masa, kuma ba a taɓa jin kamun Garwa ya rage masa daraja ba.

A dutsen Mora, Kyaftin von Raben na Jamus da 'yan sojojinsa sun jure ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi, sai ranar 18 ga Fabrairu 1916 suka sauko. Cikin sharuɗɗan da ya gindaya har da a ranta masa fam 2,000 ya biya sojojinsa albashinsu, a kuma bar su su koma garuruwansu. Aka yi masa haka. Sauran rundunar Jamus ta Kamaru, sojojin Afirka kusan 6,000, ta tsallaka yankin da Sifaniya ke mulka, aka tsare su a tsibirin Fernando Po har bayan yaƙi. Can Turai kuma, a Wünsdorf kusa da Balin, Jamusawa sun ware wa fursunoni Musulmi sansani, suka gina musu masallaci a 1915 da fatan jawo su ɓangaren Turkiyya, masana kuma suka riƙa ɗaukar muryoyinsu a faifai. Faya-fayan suna ajiye a Jami'ar Humboldt.

Bayan waya mai ƙaya a Faransa

Kamu mafi yawa da ya sami sojojin yammacin Afirka a lokaci guda shi ne na 1940. Tun 1919 Faransa ta ɗora wa ƙasashen da take mulka dokar shiga soja ta tilas, shekara 3, ana tara samari a gaban kwamandan yanki da likita a zaɓa. Nijar tana ciki. Wannan doka da aikin tilas suna cikin dalilan da suka sa gidaje da yawa suka tsallako daga Ƙonni da Maraɗi da Tasawa zuwa Sakkwato da Katsina da Daura da Kano. Waɗanda ba su tsere ba, ko daga wace ƙasa suka fito, sunansu ɗaya a takarda, sojojin Sanagal.

Da Jamus ta ruguza rundunar Faransa a Mayu da Yuni 1940, baƙar fata ya gane cewa ɗaga hannu ba ya tsirar da shi. A wurare da dama an ware baƙaƙe daga farare bayan sun miƙa wuya, aka harbe su. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta waɗanda aka kashe ta wannan hanya tsakanin 1,500 da 3,000. A Airaines, ranar 7 ga Yuni, Kyaftin Charles N'Tchoréré ɗan Gabon ya nemi a ɗauke shi a matsayinsa na hafsa, aka harbe shi nan take. A Chasselay, kusa da Lyon, ranakun 19 da 20 ga Yuni, an kora fursunoni cikin fili aka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Maƙabartar da aka gina musu a wurin, mai jar katanga irin ginin yammacin Afirka, tana ɗauke da kaburbura kusan 190.

Waɗanda suka tsira da rai, Jamusawa ba su so ajiye su a ƙasarsu ba, don tsoron cututtuka da ƙyamar cuɗanya da baƙar fata. Sai aka mai da su sansanoni a yankin Faransa da aka mamaye. A 1941 fursunoni daga ƙasashen da Faransa ke mulka sun kusa 70,000, cikinsu 'yan yammacin Afirka kimanin 15,000. Ana fita da su saran itace da aikin gona da na masana'antu. Sanyi da ƙarancin abinci da tarin fuka suka yi ta cin su. Wasu matan Faransa sun riƙa aika musu abinci da tufafi da wasiƙu, wasu ma sun taimaka musu tserewa. Léopold Sédar Senghor, wanda daga baya ya shugabanci Sanagal, yana cikin fursunonin, an sake shi a 1942 saboda rashin lafiya. Abin da ya fi ci musu rai shi ne daga 1943 hafsoshin Faransa, waɗanda suka yi yaƙi tare, su aka sa gadin wasunsu a madadin Jamusawa.

Bayan shekara 4 a tsare, ƙarshen labarin wasunsu ya fi farkonsa muni. Ranar 5 ga Nuwamba 1944 jirgin ruwa Circassia ya tashi daga Morlaix da tsofaffin fursunoni, ya sauke kimanin 1,300 a Dakar ranar 21 ga wata, aka kai su barikin Thiaroye. Suka ce ba za su watse zuwa ƙauyukansu ba sai an biya su ariyas na shekarun da suka yi a tsare da kuɗin sallama. Da safiyar 1 ga Disamba sojojin Faransa suka kewaye su suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton soja ya ce 70, masaniyar tarihi Armelle Mabon kuwa tana ganin sun kai ɗaruruwa. An ɗaure 34 daga cikin waɗanda suka rayu. Sai a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Dajin Bama

A ɓangaren Ingila, kimanin 'yan Najeriya 120,000 ne suka sa kaki a wannan yaƙi. A Arewa umarni yana saukowa daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, kowa da adadin da zai kawo. Wasu sun tafi da son ransu don sule ɗaya a rana, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su. Runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Indiya da Bama, bataliyoyin Najeriya uku kuma suka shiga cikin 'yan Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi, da na 'yan Chindit, su ne a kan barikoki har yau: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Dodan da Myohaung a Ikko. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana kai musu labarin gida tana buga wasiƙunsu.

Kamu a Bama wani abu ne dabam. Japan ba ta zartar da yarjejeniyar Janiba ta 1929 kan fursunonin yaƙi ba, kuma a koyarwar sojanta miƙa wuya abin kunya ne. Cikin Turawan da ta tsare, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu a hannunta. A cikin daji kuwa, inda kowa ke fama da abin da zai ci, wanda ya ji rauni ya rage a baya sau da yawa ba a wahalar ɗaukarsa.

Labarin da ya fi fitowa fili na wani ɗan Najeriya ne daga ƙauyen Emure-Ile kusa da Owo, Isaac Fadoyebo, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16. A farkon Maris 1944 Japanawa suka yi wa ƙungiyarsu ta ma'aikatan asibiti kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan. Harsashi ya farfasa masa ƙafa, suka bar shi a kan zai mutu. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi a gidansa tare da Saje David Kargbo ɗan Saliyo, yana ciyar da su tsawon watanni, alhali ya san in aka gano kashe shi za a yi. Da Fadoyebo ya koma ƙauyensu, inda aka riga aka fitar da rai da shi, sai da aka watsa masa ƙasa don a tabbatar ba fatalwa ba ne. An san wannan labari ne don mai shi ya iya rubutu ya rubuta, aka buga a 1999. Abokan tafiyarsa na Arewa, waɗanda su ne ƙashin bayan bataliyoyin, mafi yawansu ba su yi boko ba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai masu sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, da sunayen 'yan yammacin Afirka a ciki.

Masu jira a gida

Kamu ba a kan soja kaɗai yake faɗawa ba. Idan takarda ta iso ofishin Di'o cewa wane ya ɓace, ta bi ta hannun hakimi ta kai ga dagaci, matarsa ce ke shiga tsaka mai wuya: ba ta da miji a ɗaki, ba ta kuma da ikon yin takaba. Littattafan da alƙalan En'e ke hukunci da su, Risala da Muhtasar, sun yi bayanin wannan filla-filla. Matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi, in ta kai ƙara, ana yanka mata shekara 4 bayan bincike, sannan ta yi idda. Wanda ya ɓace a fagen fama da waɗanda ba Musulmi ba, shekara 1 bayan bincike. Amma matar wanda aka san kama shi aka yi, aurenta yana nan har sai an tabbatar da mutuwarsa ko shekarun da ake zaton ɗan Adam zai rayu sun cika, sai fa in babu abin ciyar da ita ta nemi alƙali ya raba. Gadonsa ma ba a rabawa.

Saboda haka 'yar takardar da ke cewa mutum yana raye a sansani kaza ba ƙaramin abu ba ce. Ita ke tsai da aure, ta hana a raba gona, ta sa uwa ta daina kukan mutuwa. Yarjejeniyar Janiba ta 1949, wadda Najeriya ta shiga a 1961, ta wajabta a bar fursuna ya aika wa iyalinsa irin wannan kati da zarar an kama shi, ba a tilasta masa faɗin komai sai sunansa da muƙaminsa da lambarsa da ranar haihuwarsa, a kuma sake shi da zarar yaƙi ya ƙare.

Daga Bukavu zuwa Bakasi

Barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa ne daga wani gari a gabashin Kwango, inda a Disamba 1960 sojojin bataliya ta 5 ta Najeriya suka kuɓutar da ma'aikatan asibiti 'yan Ostiriya da aka kulle a kurkuku. Shekara 7 bayan haka sojojin suka juya wa juna bindiga. Yaƙin basasa ya kumbura rundunar daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000, aka kira tsofaffin 'yan Bama suka koma kaki, aka cika sauran da samarin ƙauye masu horon 'yan makonni.

A Oktoba 1967 runduna ta 2 ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed ta yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca cikin jiragen ruwa, bayan an karya gada. Yunƙurin bai yi nasara ba: wasu suka nutse, wasu aka harbe, wasu aka kama. Ranar 31 ga Maris 1968 aka ƙone ayarin motocinta a Abagana. A Owerri birged ta 16 ta shafe watanni cikin ƙawanya kafin ta fasa ta fito a Afrilu 1969. Fursuna a yankin da yunwa ke kashe ƙananan yara, kowa ya san inda rabonsa na abinci yake. Gwamnatin Gowon ta ba sojojinta ƙa'ida a rubuce cewa wanda ya miƙa wuya fursunan yaƙi ne, ba a kashe shi, kuma wakilan Red Cross sun ziyarci tsararru a ɓangarorin biyu. Duk da haka an karya ƙa'idar, kuma kisan farar hula maza da sojojin tarayya suka yi a Asaba a Oktoba 1967 yana cikin abin da mai neman adalci ga nasa fursunonin ba zai tsallake ba.

Rikicin Bakasi ma ya bar nasa. Sojojin da aka kama a arangamar Najeriya da Kamaru cikin shekarun 1990 sun yi shekaru a tsare, sai a Nuwamba 1998, zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, aka yi musayar fursunoni sama da 200 ta hannun Red Cross.

Bayan an tuɓe kaki

Da 'yan Bama suka dawo, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, gwamnati kuma ta kafa doka a 1945 da ta umarci masu ɗaukar ma'aikata su ware wa tsofaffin sojoji gurabe. Guraben ba su isa ba, kuɗin sallamar sojan Afirka kuma bai kai rabin na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba. A ɓangaren Faransa an daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka da dokar 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da yawancin masu shi sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya dawo ƙauye ya tarar gona ta shiga hannun wani, ko birni ya cinye ta, sai ya nufi inda ake neman mai ladabin soja da jure tsayuwar dare. Matatsun man gyaɗa da masaƙu na Bompai, da majemu da kamfanonin roba na Sharaɗa da Calawa, sun ɗauki irin waɗannan mutane, wasu kai tsaye, wasu ta hannun ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion. Da masana'antun suka fara rufewa daga tsakiyar shekarun 1980, wannan madogara ma ta raunana.

Akwai dalilin da ya sa ƙauye bai riƙe sunayen 'ya'yansa ba. Magatakardan soja yakan rubuta sunan kurtu ne haɗe da babban garin da ya ambata, Audu Kano ko Garba Katsina, ko da daga wani ƙauyen Kumbotso ko na Mani ya fito. A ƙauyukan Ingila da Faransa kusan kowane dandali yana da dutse mai sunayen 'yan garin da suka tafi yaƙi. A nan ba a yi haka ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel da kanta ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Idan haka aka yi wa matattu, ina ga wanda aka kama ya dawo da ƙafarsa?

Gyaran wannan ba ya hannun Turawa kaɗai. Wanda yake ɗan shekara 18 a 1944 yanzu ya kai 100 ko ya kusa, amma 'yan yaƙin basasa da na Bakasi suna nan da ransu a unguwanni da ƙauyuka, haka ma matan da suka yi jiransu. Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, suna da ma'aikata da ɗaliban da za su iya bin gunduma-gunduma tare da hakimai da ofisoshin Legion su ɗauki muryoyin nan, su haɗa kowane suna da ƙauyensa. Red Cross tana da katunan fursunonin yaƙe-yaƙen duniya biyu a Janiba, na farkon ma an sa su a intanet tun 2014. Kai kuma mai karatu, in akwai littafin sallama na kaka ko na mahaifi a ƙasan akwati a gidanku, ka fito da shi ka kwafi lambar da bataliyar, domin da su ake nemo mutum a waɗannan ma'ajiyai. In tsohon yana raye, ka zauna ka tambaye shi tun yau, har da shekarun da bai saba ba da labarinsu ba.